Katin Aiki Mai Tabon Baƙin Mai

Shekara tara na yi ina kwafe rubutun wasu. Kamfanin da nake wa aiki yana girka injinan sanyi da famfunan ruwa a masana'antu da manyan gine-gine, sannan ya riƙa bibiyarsu da gyara. Makanikai su fita da safe, su dawo da yamma, kowa ya zube mini katunan aikinsa a kan tebur. Kati ɗaya, inji ɗaya: lambarsa, abin da aka tarar, abin da aka canza, da sa hannun mai wurin. Ni kuma in zauna in shigar da su cikin Excel ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na rufe ido ina ganin katin nan. Gefensa ya lanƙwashe saboda zaman aljihu, ga tabon babban yatsa na baƙin mai daidai kan lambar inji, sai na ɗaga shi saitin haske kafin in tantance 3 ce ko 8.

Ban karanci kimiyyar kwamfuta ba. Aikin sakatariya na koya, da shi kuma aka ɗauke ni. Na faɗi haka tun da wuri ne domin na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda suke zaune a kan irin kujerar da na zauna, suna ganin gina manhaja aikin wasu mutane ne daban masu wata irin ƙwaƙwalwa. Ni ma haka na ɗauka.

Matsalarmu a fili take. Fayil ɗin Excel ɗaya ne a suna, amma uku ne a zahiri: nawa, na mai kula da sito, da na akanta. Kowa ya gyara nasa ya tura wa sauran ta imel. Ƙarshen wata in aka zo haɗa rahoto, sai a tarar sito ya fitar da fambel 20, katunan aiki sun nuna 17, akanta kuma ya caji kuɗin 15. A yi ta musu, kowa na rantsuwa lissafinsa ne daidai. Kuma ba wanda ya yi ƙarya, domin kowannensu daidai yake a ranar da ya buɗe nasa fayil ɗin na ƙarshe. A watan Oktoban 2020 da labari ya fito daga Ingila cewa sakamakon gwajin korona kusan 16,000 bai shiga rahoto a kan lokaci ba, saboda tsohon nau'in fayil ɗin Excel da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536, jikina ya yi sanyi. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne muke ɗora wa jadawali nauyin da ba nasa ba.

Sau biyu kamfani ya nemi mafita. Da farko aka sayo manhajar da aka riga aka ɗinka wa kowa. Ba ta da laifi a kanta, sai dai ba a yanka ta a jikinmu ba. Ita a wurinta abokin ciniki shi ne tushen komai, inji kuma kayansa ne. Mu kuwa a wurinmu inji ne tushe. Ana sayar da gini da injinansa, mai shi ya canza, amma garanti da tarihin gyara suna bin injin, ba sa bin mutum. Wannan ɗan bambancin ya sa muka koma Excel cikin wata uku. Karo na biyu aka kira masu rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, su ɗinka mana tamu. Mutanen kirki ne, sun san aikinsu, amma ba su san namu ba. Aka yi zama bayan zama, aka cika takardu, daga ƙarshe aka ga kowane ɗan sauyi sai an sake sabuwar yarjejeniya, sai maganar ta mutu a nan.

Ƙanena ne ya buɗe mini ido. Ya same ni da tarin katuna da na taho da su gida, ya ce, "Yaya, wannan wahalar da kike sha, akwai fa dandalin da za ki ba shi fayil ɗin nan naki ya mayar miki da shi manhajar waya." Ban yarda ba sai da ya buɗe ya nuna mini. A tsakiyar allo ga hoton waya babu komai a cikinta. A gefe ga kayan gini a jere: gurbin rubutu, maɓalli, jerin zaɓi, kyamara, kalanda. Ka ja wanda kake so ka ajiye inda kake so, ka ce masa ga ginshiƙin da zai riƙa zuba bayanansa. In kana son ya yi wani tunani, ka rubuta masa ɗan gajeren lissafi mai kama da wanda na saba rubutawa a Excel. Shi ake kira lo-kod, wato gina manhaja da kod ɗan kaɗan. Ni dai tun ranar dandalin ja-ka-ajiye nake ce masa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Kafin asuba na haɗa fom ɗin katin aiki, na buɗe shi a wayata, na cika, na danna, na ga layin ya faɗo cikin jadawali da kansa ba tare da na kwafe komai ba. Na daɗe ina kallon layin nan. Wanda bai shekara tara yana kwafe rubutu ba, da wuya ya gane abin da na ji.

Daga baya na bi diddigin abin, domin ina tsoron kada ya zama kayan wasan yara ne zan kai wa shugabana. Sai na tarar ya girme ni a harkar nesa ba kusa ba. Kamfanin bincike na Forrester ne ya yaɗa sunan a 2014, amma sana'ar ta riga sunan. An kafa OutSystems a Fotugal a 2001, Mendix a Holan a 2005, har Siemens na Jamus ya saye shi a 2018. Microsoft ya fito da Power Apps ga kowa da kowa a 2016, Google kuma ya sayi AppSheet a watan Janairun 2020. Kai, tun a 1992 Microsoft Access yake ba ma'aikacin ofis damar haɗa fom da rumbun bayanai da hannunsa, sai dai a kan kwamfutar ofis. Abin da ya sauya shi ne waya ta shiga aljihun kowa, bayanai kuma suka sami wurin zama a intanet inda kowa zai kai gare su lokaci ɗaya. Da wannan na shiga ofishin manaja. Ya saurare ni, ya ce, "Ki gwada da mutum uku. In ya yi, sai mu gani."

Cikin ukun akwai dattijon makanikinmu, wanda dukkanmu Baba muke kiransa. Ya fi shekara talatin yana taɓa inji. Kwana biyu da ba shi manhajar ya dawo ya ajiye mini katin takarda a kan tebur kamar kullum. Na ce, "Baba, ba ka yi da wayar ba?" Ya ce, "'Yata, abin naki yana da kyau, amma ba na wurin aiki ba ne." Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Na ce ya gaya mini inda matsalar take. Ya ce, "Ba zan gaya miki ba. Gobe ki biyo ni."

Na bi shi. Muka gangara ɗakin injina a ƙarƙashin wani dogon gini. Zafi, ƙara, ga haske kaɗan. Tun a matakala ta biyu intanet ya ɗauke. Baba ya kwanta a gefen famfo, hannu ɗaya riƙe da sifana, ɗayan kuma baƙi ƙirin da mai har wuyan hannu. Daga nan kwance ya miƙo mini wayar ya ce, "To, cika mini." Na duba fom ɗin da na yi alfahari da shi. Gurbi 19. Ƙananan maɓallai waɗanda sai da tsinin yatsa mai tsabta ake danna su. Gurbin farko yana neman lambar inji mai harafi da lamba goma sha biyu, a rubuta da hannu, alhali farantin da lambar take kai yana bayan bututu, sai an leƙa da tocila. Ko da an daure an cika, maɓallin turawa sai juyawa yake yana neman intanet da babu shi.

A wurin na gane cewa ban gina wa Baba komai ba. Kaina na gina wa. Na ɗauko ginshiƙan Excel ɗina ne kawai na jera su a waya, na sauke nauyin kwafe rubutu daga kaina na ɗora wa mutumin da yake kwance a ƙarƙashin inji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ɗakina na sani, ban san nasa ba.

A nan ne ja-ka-ajiye ya nuna mini amfaninsa na gaskiya. Da a ce kamfanin waje ne ya gina, da sai an rubuta takardar koke an jira. Ni kuwa a daren na rushe fom ɗin. Muka buga lambar QR, wato zanen nan mai murabba'i da kyamarar waya ke karantawa, muka manna a jikin kowane inji, a wurin da ido ke gani. Makaniki ya haska da kyamara, manhaja ta san injin, ta san wurin, ta san ranar, ta san wanda yake riƙe da wayar. Gurbi 19 suka koma 5. Maɓallai suka zama manya, waɗanda ko da bayan yatsa za a iya dannawa. Na kunna tsarin da ke ajiye aiki a cikin waya in babu intanet, ya tura da kansa in an fito sarari. Kwana uku ina kai wa Baba yana kushewa ina gyarawa. Rana ta huɗu bai ajiye mini kati ba. Bai kuma ce komai ba, sai da yamma ya leƙo ya ce, "Kin ga ya shigo?" Na ce ya shigo, Baba. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Cikin wata shida kowa ya hau. Aka daina musun fambel. Na ƙara shafin sito, na ƙara shafin da ke nuna injinan da lokacin duba su ya yi. Yabo ya yi yawa, ni kuma na saki jiki. Yanzu zan zo kan abin da ya sa na zauna rubuta wannan labarin, domin da nasarar kaɗai ce da ban ɗauki alƙalami ba.

Wata rana da hantsi aka kira daga wurin wani babban abokin cinikinmu. Injin ɗakin sanyinsu ya tsaya cikin dare, kayan da ke ciki sun lalace. Aka duba, sai aka tarar lokacin duba injin ya wuce da wata biyu, kuma ba wanda ya je. Manaja ya tambayi shugaban makanikai, shi kuma ya buɗe wayarsa ya nuna shafin da na gina: injin ba ya cikin jerin. Bai taɓa fitowa ba. Na koma teburina hannuna na rawa, na buɗe jadawalin asali. Ga injin nan, ga ranar da ya kamata a je, komai daidai. Bayanin yana nan, manhajata ce ba ta nuna shi ba.

Sai da na kai dare kafin na gano dalili. Wasu daga cikin irin waɗannan dandali ba sa kwaso dukkan bayanai su zuba a waya, don waya ba za ta ɗauka ba. In tambayar da ka rubuta mai sauƙi ce, sai su miƙa ta ga inda bayanan suke, a tace a can, a dawo da amsa cikakkiya. In kuwa ka rubuta lissafin da wancan ɓangaren ba zai iya yi ba, sai su ɗebo layukan farko kawai, su yi tacewar a cikin waya, su nuna maka abin da suka samu. Ba ɓoyayyen abu ba ne, a rubuce yake a littafin bayaninsu. Power Apps, alal misali, ya bayyana cewa a irin wannan hali layi 500 na farko yake dubawa, ana kuma iya ɗaga shi zuwa 2,000. Dandalin da na yi aiki da shi ma yana da tasa iyakar, ya kuma gargaɗe ni. Akwai wata 'yar alamar gargaɗi da ta daɗe a gefen lissafin nan. Na gan ta tun ranar farko. Da na ga komai yana aiki, sai na ƙyale ta. Lokacin injinanmu ba su kai iyakar ba. Da suka wuce ta, duk sabon injin da aka shigar sai ya faɗa bayan katanga, jerin kuma ya ci gaba da fitowa tsaf kamar babu abin da ya ɓace.

Wannan ne abin da ya fi tsorata ni har yau. Katin takarda in ya ɓata, ana ganin gurbinsa. Manhaja kuwa tana iya ba ka rabin gaskiya da fuskar cikakkiya, mutane kuma su yarda da ita fiye da yadda suke yarda da takarda.

Da safe na shiga wurin manaja kafin a kira ni. Na ce, "Yallaɓai, kada a ɗora wa makanikai. Laifina ne, ga kuma yadda aka yi." Na nuna masa alamar gargaɗin. Ya yi shiru mai tsawo. Na ɗauka ƙarshen manhajar ke nan, wataƙila ma ƙarshen aikina. Sai ya ce, "Injina nawa ne suke bayan katangar nan taki?" Na ce 41. Ya ce, "Ki fitar da sunayensu yanzu a raba wa yara. Sannan ki nemo wanda ya fi ki sani ya duba abin nan daga tushe. Ba za mu koma takarda ba, amma ba za mu ci gaba a haka ba." Ban manta da wannan adalcin ba, ba kuma zan manta ba.

Wanda aka samo wani gogaggen injiniyan manhaja ne, mai ƙarancin magana, Malam nake kiransa. Na zo masa da waya ina son nuna masa shafuka, ya ce, "Malama, ajiye wayar. Kawo farar takarda." Ya ce in lissafa masa abubuwan da kamfaninmu yake mu'amala da su, ba shafuka ba, abubuwa. Na ce abokin ciniki, wuri, inji, ziyara, kayan gyara, makaniki. Ya zana wa kowanne akwati. Ya ce, "Wanne ne yake da wanne, kuma guda nawa?" Muka yi ta jan layi tsakanin akwatuna. Wuri ɗaya, injina da yawa. Inji ɗaya, ziyara da yawa. Ziyara ɗaya, kayan gyara da yawa. Sannan ya buɗe jadawalina ya nemo sunan wani abokin ciniki, ya nuna mini na rubuta shi iri huɗu a wurare daban-daban, kwamfuta kuma tana ƙirga su mutum huɗu. Ya ce, "Kowace gaskiya wuri ɗaya za ta zauna. Sauran wurare su riƙa nuna ta da lamba." Ya gaya mini wannan tunanin ba sabo ba ne, wani masani mai suna Edgar Codd ne ya shimfiɗa shi a kamfanin IBM tun 1970, kuma a kansa mafi yawan rumbunan bayanan duniya suke tsaye.

Wata biyu muka yi muna ƙaura. Fuskar manhaja ta zauna a dandalin ja-ka-ajiye yadda makanikai suka saba da ita, amma bayanan muka kwashe su daga jadawali zuwa rumbun gaske a girgije. Kalmar girgije ta daɗe tana ruɗa ni, sai Malam ya warware mini ita a taƙaice: kwamfutoci ne na ƙarfe da waya, jibge a manyan gine-gine, kana hayar wani yanki nasu ta intanet, masu su kuma suna kula da wuta da sanyi da gyara. Amazon ne ya buɗe wannan kasuwar sosai a 2006. Bayansa aka sami masu haɗa maka komai a dunƙule, rumbu da rajistar masu shiga da ma'ajiyar hotuna, irin su Firebase da Google ya saya a 2014, da Supabase da aka kafa a 2020. Mu PostgreSQL muka zaɓa, rumbun da asalinsa ya faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, wanda ba mallakin kamfani ɗaya ba ne. Lissafin injinan da lokacinsu ya yi muka mayar da shi can cikin rumbun, inda yake duba kowane layi, waya kuma amsa kawai take karɓa. A nan na fara koyon SQL, harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi. Na ɗauka dutse ne, ashe jimloli ne gajeru: zaɓo kaza, daga kaza, inda kaza.

Akwai ranar da Malam ya ba ni tsoro da gangan, kuma na gode masa. Na gaya masa makaniki ba ya ganin jerin abokan ciniki da lambobin wayarsu, domin na ɓoye maɓallin. Ya ce in ba shi asusun gwaji na makaniki. Ya shiga ta burauza, ya buɗe wani ɓangare da ban san da shi ba inda ake ganin saƙonnin da manhaja take aika wa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ya kwafi ɗaya, ya sauya kalma biyu, ya tura. Sai ga sunayen abokan cinikinmu kaf, da adireshi da lambar waya, sun zubo a allo. Bai fi minti biyar ba. Ya ce, "Kin sa labule ne, ba ki sa ƙofa ba." Tsaro ba a fuskar manhaja yake ba, a rumbu yake. PostgreSQL tun sabon nau'insa da ya fito a 2016 yana da tsarin da za ka kafa doka a kan kowane layi, ka ce wannan mutumin layukan da aka ba shi kawai zai gani, ko ta wace hanya ya biyo. Firebase ma yana da dokokinsa na tsaro, kuma in ka fara da yanayin gwaji, ƙofar a buɗe take ga kowa na kwana 30 in ba ka rufe da hannunka ba. Tun ranar na daina kallon bayanan nan a matsayin kayan aikina. Lambar wayar mutum da adireshin gininsa amana ce ya ba mu, bai kuma san sunana ba balle ya zo ya tambaye ni yadda na riƙe ta.

Wani darasin ya zo ta sito. Makanikai biyu, kowanne a inda babu intanet, suka ɗauki kaya iri ɗaya, kowace waya ta rage ɗaya daga ragowar da ta sani. Da suka fito sarari, ta ƙarshe ta rubuta a kan ta farko, lissafi ya karkace. Malam ya ce, "Kada ki ƙara rubuta ragowa. Ki rubuta shiga da fita, ki bar rumbu ya yi jimla." Haka muka yi. Ba a goge komai, ba a rubuta a kan komai, kowane motsi layinsa daban da sunan mai shi da lokacinsa. Akanta ya ce ai haka littafin kuɗi yake tun fil azal. Na kuma daina taɓa manhajar da mutane suke aiki da ita kai tsaye. Akwai kwafin gwaji, a can nake ɓarna da gyara kafin in saki. Na koyi duba yawan buƙatun da kowane shafi yake aikawa, domin a girgije da yawan amfani ake biya, shafi ɗaya mara tsari yana iya karanta dubban layuka duk lokacin da aka buɗe shi.

Sai maganar da masu tallar waɗannan dandali ba su cika ɗagowa ba. Gidan haya ne. Malam ya ba ni labarin Parse, wani dandalin girgije da ɗimbin manhajoji suka dogara da shi. Facebook ya saye shi a 2013, a watan Janairun 2016 ya sanar zai rufe shi, ya ba mutane shekara guda su kwashe kayansu, ya kuma saki kod ɗinsa ga mai son ya ci gaba da kansa. Google ma ya rufe App Maker, wani dandalinsa na lo-kod, a watan Janairun 2021. Ba mugunta ba ce, kasuwanci ne, kuma zai sake faruwa. Shafukan da na ja na ajiye, in dandalin ya tashi, ba zan iya naɗe su in kai wani wuri ba, sai dai in sake ginawa. Wannan na haƙura da shi, domin wata ɗaya ya ishe ni. Bayanan shekaru kuwa ba a sake gina su. Shi ya sa suke zaune a rumbun da zan iya kwashewa in kai ko'ina. Kowane dare ana ɗaukar kwafin ko-ta-kwana a ajiye a wani wuri daban. Kowane farkon wata kuma nakan ɗauko kwafin in zuba shi a rumbun gwaji in ga ko da gaske yana tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina jin masu cewa lo-kod zai kori masu rubuta kod, ina kuma jin masu rubuta kod da suke cewa wasan yara ne. Dukkansu ban yarda da su ba, kuma da jikina na auna. Ba don ja-ka-ajiye ba, da har yau ina ɗaga kati saitin haske, domin ba injiniyan da zai bi Baba ƙarƙashin gini sau huɗu a mako ɗaya yana sauya girman maɓalli. Ba don Malam ba kuma, da na ci gaba da gina bene a kan yashi, ina cutar da mutanen da suka yarda da ni ba tare da na sani ba. Dandalin ya sauƙaƙa abin da ake gani. Abin da ba a gani, wato tsarin bayanai da tsaro da abin da zai faru ranar da abu ya lalace, yana nan da nauyinsa yadda yake, sai an zauna an koya. Akwai kuma ayyukan da na san ba hurumina ba ne. Da aka zo haɗa manhajarmu da tsarin biyan kuɗi, ni da kaina na ce a kira Malam ya rubuta da hannunsa.

Yanzu sunan aikina ya canza, akwai kuma wata yarinya da aka ɗauka a kujerata ta da. Ranar da ta ce tana son koyo, ban buɗe mata dandali ba. Na ba ta takalmin aiki na ce ta bi makanikai kwana uku. Da ta dawo na miƙa mata farar takarda.

Baba ya kusa ajiye aiki. Watannin baya ya same ni ya ce, "'Yata, akwai abin da fom ɗinki ba ya ɗauka." Na ce mene ne, Baba? Ya ce, "Kukan inji. Ni da kunne nake gane ciwonsa tun kafin ya kwanta. In na tafi, yaran nan ba su san kukan ba." Na ce ya ba ni zuwa gobe. Na ƙara maɓalli ɗaya babba mai ɗaukar sauti na daƙiƙa 20, na buɗe masa wuri a ma'ajiya, na ɗaura kowane sauti da lambar injinsa da ranar da aka ɗauka. Tun daga lokacin duk injin da Baba ya je, sai ya kara wayar a jikinsa, sannan ya faɗi abin da ya ji da bakinsa: wannan lafiyarsa ƙalau, wannan boris ɗinsa ya fara ci, a canza kafin wata biyu.

Makon jiya wani sabon yaro ya kira daga ɗakin injina, ya ce famfo yana wata ƙara da bai gane ba. Na ce ya haska lambar, ya gangara ƙasan shafin. Ta cikin wayar ina jin sa ya kunna sautin da Baba ya ɗauka a jikin wannan famfon wata biyar da suka wuce, ya saurara, ya kashe, ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya sake kunnawa. Can ya ce, "Anti, ba iri ɗaya ba ne. A turo mini boris daga sito."